Abin da Maganaɗisu Ya Riƙe

Na kwanta ƙarƙashin motar Nahantsi
kan kwalin da ya sha mai har ya koma fata,
sifana sha bakwai a hannuna,
ranar Kwannawa na gasa ƙafafuna da suka leƙo waje.
Na kwance notin gindin inji,
baƙin mai ya zubo cikin rabin jarka,
da zafi, da kauri, kamar kunun da aka manta kan wuta.

Notin nan ba irin na kowa ba ne.
Nahantsi ya sawo shi wajen wani mai tebur a bakin tasha,
shi da wani zobe da ake maƙala wa filta,
dubu bakwai, har da rantsuwa,
wai injin da ke da su ba ya sanin tsufa.

Na fito, na ɗaga shi ga haske.
A kan maganaɗisun gashi ya tsiro,
toka-toka, mai laushin kwalli,
tsaye cirko-cirko.

"Ka gani ko?" in ji Nahantsi.
"Wanga duk cikin injina za shi yi ta yawo.
Kuɗɗina sun hwanshi kansu."

Oga Arzika bai tanka ba.
Ya aje kofin shayi bisa tsohuwar taya,
ya murza abin tsakanin yatsu biyu,
sannan ya naɗe hannun riga,
ya tsoma cikin jarka, ya lalubi ƙasa.
Ya ɗago da ƙyalli-ƙyalli ruwan ɗorawa,
da fari-fari kamar ɓawon kifin Rima,
da wani abu mai ƙara ƙarƙashin farce.

"Wanga hwa? Mi yah hana shi kamawa?
Maganaɗisu ɗan dangi na, ƙarhe kaɗai yas sani.
Tagulla ta wuce shi ba sallama,
alminiyan ya wuce,
rairayin hanyar Illela ya wuce shina dariya.
Wanda yak kama kuwa,
mafi yawa filta na nan tana dakonsu
tun ba a haihi mai teburinka ba."

Nahantsi ya cire hula, ya duba cikinta.
"To na yi asara ke nan."

"Ban ce ba.
Maigadi na, ba shi da sanda amma shina da baki.
Yau kwalli yan nuna muna, tsuhwa na irin na kowa.
Ran da kag ga ya hito da ƙaya,
ko ɓallin ƙarhe kamar ƙwarar gero,
kak ka ɗauki hwasinja, kawo min ita a ture.
Yanzu hwaɗa min, yaushe rabonka da juye?"

Shiru ya yi tsawo
har muka ji ƙarar walda daga rumfar Modi.
"Tun kahin albasa ta hwaɗi," in ji shi.
Oga ya ƙirga da yatsu, yatsu suka kusa ƙarewa.

Na goge notin da tsumma, na mai da shi,
na ɗaure daidai, ba da fushi ba.
Sabon mai ya shiga yana sheƙi kamar zuma.
Agogon tafiyar motar ya mutu tun bara,
sai Oga ya ɗauki ƙusa
ya rubuta wata da rana a cikin murfin inji.

Zoben filtar kuwa, Nahantsi ya bar shi kan benci,
ko mantuwa, ko kunya.
Na ɗaura masa igiya.
Kullum kafin magariba ina jan sa cikin ƙasar gareji
kamar mai yawo da ɗan akuya,
yana tsinto min washa, da noti, da fil
da suka ɓata tun ina sabon yaro ana zagina a kansu.
Jiya ya fito da sifana goma
wadda aka cire min kuɗinta sau biyu.